Jirgin Ƙasa Mai Karkata: Bayani Domin Hakimai da Magatakardan Ƙasar Haɗeja

An shirya wannan darasi domin hakimai da magatakardansu na ƙasar Haɗeja, tun ba waɗanda hanyar dogo ta ratsa gundumominsu ba. A watan Maris na 2023 aka yi wa tsarin mulkin Nijeriya gyara, aka ba jihohi ikon shimfiɗa hanyar dogo, abin da a dā Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da shi. Saboda haka zancen jirgin ƙasa ya matso kusa da gida. Samari kuma suna ganin hotunan jiragen ƙasashen waje a wayoyinsu, har da wani iri mai tafiya da lantarki, wanda in ya zo kwana sai ya karkata kamar mahayi a kan doki. Talakawa kuwa sun saba kai tambaya zauren hakimi kafin su kai ta ko'ina. To, ya kamata hakimi ya san abin da wannan jirgi yake, da cutar da aka ƙera shi domin ya yi mata magani, sa'an nan ya iya auna ko ita ce cutar da ke damun hanyar da ta bi ta ƙasarsa.

Hanyar da ake da ita

Dogo ya iso Kano a 1911. Daga nan aka ja reshe gabas, ya bi ta Ringim da Gagarawa, ya shiga ƙasar Haɗeja ta Malam Madori da Birniwa, ya ƙare a Nguru a 1930. Tsawonsa kimanin kilomita 230 ne. Bai shiga birnin Haɗeja ba, ya bar shi daga kudu, shi ya sa Malam Madori ta zama tashar birnin, kamfanonin ciniki suka kafa kantuna a can, garin ya bunƙasa. Abin da aka shimfiɗa hanyar dominsa shi ne kaya: gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga da ƙaro da shanu. Wanda ya tsara ta bai damu da a isa Kano da wuri ba, muddin dai buhunan gyaɗa sun isa kafin damina.

Tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan biyu ƙafa 3 da inci 6 ce, watau milimita 1,067. Ana kiran wannan ƙaramin faɗi. Sababbin hanyoyi, kamar ta Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da ta Ikko zuwa Ibadan ta 2021, suna da babban faɗi, milimita 1,435. Haka ma hanyar Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wadda aka aza harsashinta a watan Fabrairu na 2021. Ita ta bi ta Kazaure, da reshe zuwa Dutse, ba ta biyo ta Haɗeja ba. Jirgin wannan faɗi ba ya hawa wancan.

Daga nan ne wasu ke cewa tsohuwar hanya ta zama tarkace, ba abin da za a yi da ita sai a tumɓuke, domin wai ƙaramin faɗi ba ya ɗaukar gudu. Wannan magana tana bukatar gyara. Yawancin hanyoyin dogo na ƙasar Japan faɗinsu milimita 1,067 ne, daidai da na Malam Madori ba ragi ba ƙari, kuma a kansu jiragen gaggawa ke gudun kilomita 130 a awa kowace rana. A jihar Kwinslan ta ƙasar Ostareliya ma faɗin ke nan. Can jirgin lantarki mai karkata ya fara aiki a 1998 tsakanin Birisben da Rokhamton, tafiyar fiye da kilomita 600, yana kaiwa kilomita 160 a awa, kuma a gwajin da aka yi masa a 1999 ya taɓa 210. Ashe ba faɗin ne ke hana gudu ba.

Abin da kwana ke yi wa jirgi

Duk wanda ya taɓa zama a bayan babbar mota ranar kasuwa ya san abin da ke faruwa in direba ya sha kwana da gudu: mutane da kaya sai su tuttuɗe waje guda, wajen bayan kwanar. Dalili shi ne kowane abu mai tafiya yana son ya miƙe sosai, in aka tilasta masa juyawa sai ya yi gardama. Ƙarfin wannan turi yana da ƙa'ida wadda ya kamata magatakarda ya riƙe. In aka ninka gudu sau biyu, turin yakan ninku sau huɗu. In kuwa aka ninka faɗin kwana sau biyu, turin yakan ragu da rabi.

Ga misali da lissafi. A ɗauki kwana wadda da za a cika ta ta zama da'ira, daga tsakiyarta zuwa bakinta mita 400 ne. Jirgi ya shige ta da gudun kilomita 70 a awa. Mutum mai nauyin kilo 70 da ke ciki zai ji kamar an ɗaura masa dutse mai kilo 7 ana jan sa gefe. In gudun ya kai kilomita 100, dutsen ya zama kilo 14. Ba wanda zai iya tsayawa a tsakiyar tarago da wannan, balle ya sha shayi.

Maganin farko da injiniyoyi suka samu tsoho ne, yana nan ma a kan hanyoyin Nijeriya. A wurin kwana sai a ɗaga ƙarfen waje ya fi na ciki tudu, jirgi duka ya ɗan kwanta ciki, nauyinsa ya cinye wani kashi na turin. Amma ɗagawar tana da iyaka. Hanya ɗaya ce jirgin fasinja mai sauri da jirgin kaya mai nawa ke bi, wani lokaci ma jirgi ya tsaya cak a tsakiyar kwana yana jiran a ba shi hannu. In an ɗaga ƙarfe ƙwarai, mai nawa zai danne ƙarfen ciki ya cinye shi, wanda ya tsaya kuma iska mai ƙarfi tana iya kifar da shi. A Japan, a kan ƙaramin faɗi, ba a wuce milimita 105, watau inci huɗu da 'yan kai. A misalin da ya gabata wannan ɗagawa tana rage wajen kilo 6 da rabi. A gudun kilomita 70 ta kusa share turin duka. A gudun 100 kuwa saura kilo 7 da rabi, kuma wannan ya wuce abin da aka yarda a ɗora wa fasinja.

To, a nan dabarar karkata ta shigo. Tun da ba a iya ƙara kwantar da hanya, sai a kwantar da ɗakin da mutane ke ciki.

Yadda ake karkatar da tarago

Tarago kashi biyu ne. Akwai gangar jiki inda kujeru suke, akwai kuma gadajen ƙarfe biyu a ƙarƙashi, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne da ƙafafu huɗu. A jirgi mai karkata gadaje suna nan daram a kan ƙarfe, gangar jiki ce ke jirkicewa a bisansu.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda kowace mace ta sani daga ragaya. Ƙwaryar nono da aka rataya a ragaya, in aka ɗauki ragayar aka juya da ita, sai gindinta ya fita waje, bakinta ya fuskanci ciki, nonon bai zube ba. Haka Japanawa suka yi wa jirgin da suka sa wa lamba 381, wanda ya fara aiki a 1973 tsakanin Nagoya da Nagano, hanyar da ke bin kwazazzabai cikin duwatsu. Sun ɗora gangar jiki a kan 'yan gare-garen ƙarfe, ta yadda turin kwana da kansa ke fitar da gindinta waje, samanta ya kwanto ciki, har digiri 5. Domin abin ya yiwu sai da aka yi jikin da alminiyam saboda sauƙi, aka kuma sauko da duk kaya masu nauyi ƙasa, har na'urar sanyaya ɗaki da aka saba ɗorawa a rufi. Digiri 5 ba abu ne mai yawa a ido ba, amma a misalin nan yana cinye wajen kilo 6. Mutumin da ya rage masa kilo 7 da rabi, yanzu saura ɗaya da rabi. Da haka jirgin 381 ya riƙa shan kwana da ƙarin kilomita 20 a awa bisa ga jiragen da suka riga shi.

Sai dai ragaya tana da aibi. Ba ta motsawa sai turi ya riga ya zo, in ta motsa kuma sai ta yi fizga, bayan kwana ta wuce ta ci gaba da lilo. Fasinjoji da yawa suka riƙa jin jiri da tashin zuciya, irin na wanda bai saba shiga kwalekwale ba. Ido yana ganin ƙasa ta jirkice ta taga, jiki kuwa yana faɗin wani abu dabam, sai ciki ya rikice.

A Turai an bi wata hanya, aka sa na'ura ta ji shigowar kwana daga gadon gaba, sa'an nan inji ya tura gangar jiki da ƙarfi. Ingila ta gwada nata a watan Disamba na 1981, cikin tsananin sanyi, na'urori suka yi ta lalacewa, waɗanda aka gayyata suka yi ta ƙorafin jiri, aka janye shi bayan 'yan kwanaki, daga baya aka yi watsi da shirin. Italiya ta yi haƙuri da nata, wanda ake kira Pendolino, har ya fara aiki sosai tsakanin Rum da Milan a 1988. Abin dariya, da Ingila ta sake bukata sai ta sayi irin na Italiyan, ya fara aiki a 2002. Shi ne ke zirga-zirga tsakanin Landan da Gilasgo, yana karkata digiri 8, yana gudun kilomita 200 a awa.

Japanawa kuwa ba su yar da ragayarsu ba, sai suka ba ta hankali. Suka sa wa jirgi kwamfuta wadda ta haddace hanyar duka, kowace kwana da wurinta da tsananinta. Jirgi yana ƙirga juyin ƙafafunsa ya san inda yake, yana kuma gyara lissafinsa da wasu alamu da aka dasa tsakanin ƙarafa. Kafin kwana ta iso sai iska mai matsi ta fara tura gangar jiki sannu a hankali, ta kuma mayar da ita sannu a hankali. An fara wannan a 1989 a tsibirin Shikoku, a kan jirgi mai aiki da man dizal, abin da ke nuna karkata ba ta dogara ga lantarki ba. Jirgi mai lamba 383 da ya gaji na 381 a hanyar Nagano yana shan wasu kwanoni da ƙarin kilomita 35. Tsohon 381 kuwa bai bar aikin yau da kullum ba sai a 2024, bayan shekara 51, wanda ya isa shaida a kan yadda masu shi suka kula da shi. Akwai kuma wata hanya mai araha ta kwanan nan, inda ake hura jakunkunan iska da tarago ke zaune a kai, gefe guda ya fi ɗaya, ya karkata digiri ɗaya da rabi ko biyu.

Akwai magana guda da ta fi duk waɗannan muhimmanci, kuma ita ce aka fi mantawa. Karkata tana sauƙaƙa wa fasinja, amma ba ta rage wa ƙarfe komai. Tarago mai tan 40 da ya shiga kwanar nan da gudun kilomita 100 yana tura hanya waje da ƙarfin wajen tan 4, ko ya karkata ko bai karkata ba. Saboda haka duk inda aka kawo irin wannan jirgi sai an fara ƙarfafa hanya, an sa ƙarfe mai kauri, an ƙara tsakuwa, an ɗaure komai tam. Kuma iyakar da jirgi ke kifewa tana nan inda take. A watan Nuwamba na 2004 wani jirgi mai karkata na Kwinslan, mai aiki da dizal, ya shiga kwanar da aka ƙayyade wa kilomita 60 da gudun 112, ya sauka daga kan hanya, mutane da yawa suka ji rauni.

Gaggawa da lantarki

Abin da ake nufi da jirgin gaggawa na musamman shi ne wanda ba ya tsayawa sai a manyan tashoshi, ana kuma biyan ƙarin kuɗi bisa ga tikitin kowa da kowa. Rabin saurinsa daga rashin tsayawa yake. Hakimi ya lura da wannan tun da wuri, domin ranar da aka ce za a kawo jirgin gaggawa, kowane dagaci zai so ya tsaya a garinsa, in kuwa aka biya wa kowa bukata ya tashi daga mai gaggawa. A ƙasashen da abin ya zauna akan haɗa shi da ƙaramin jirgi mai bin tasha tasha, ya kwaso mutanen ƙauyuka ya kai su babbar tasha, a wurin da hanya ta rabu biyu kuma ya ratse ya ba mai gaggawa wuri.

Jirgin lantarki na irin wannan ba shi da kai guda mai jan sauran. Injinansa ƙanana ne, an rarraba su ƙarƙashin taragu, shi ya sa yake da sauƙi, yake kuma tashi da hanzari bayan kowace kwana. Wuta tana zuwa ta wayar da aka rataya bisa hanya, wani hannun ƙarfe a kan rufi yana shafarta. Masu ƙira sun sha wahala a nan, domin in gangar jiki ta karkata hannun zai so ya kauce wa waya, har a wasu jiragen aka kafa shi a kan firam da ya taso daga gadon ƙafafu, jiki ya yi ta karkatarsa hannu yana tsaye. Ƙarfin wutar a Japan bolt 1,500 ne a wasu hanyoyi, 20,000 a wasu, a Kwinslan 25,000. Ta gida ba ta wuce 240 ba. Wuta mai wannan ƙarfi ba sai an taɓa waya take kisa ba, tana tsallako wa wanda ya matso. Wanda ya hau rufin tarago, da motar da aka labta wa harawa har sama, da mai ɗauke da doguwar gora, duk suna cikin hatsari.

Kuma jirgin nan ba ya ɗauke da guzurin wuta. In ta yanke a waya, inda yake nan zai tsaya, ko da tsakiyar daji ne. Mutanen Arewa ba su manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace, jihohi da yawa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Manyan hanyoyin dogo na Nijeriya, tsofaffi da sababbin da aka ambata, dizal suke amfani da shi. Jirgin cikin birnin Ikko da aka buɗe a 2023 shi ne ke aiki da lantarki, kuma gajeriyar hanya ce.

A auna da ƙasar Haɗeja

Yanzu sai a ɗauki wannan ilmi a aza shi a kan hanyar Kano zuwa Nguru. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Kano zuwa Nguru gangarar duka kimanin mita 150 ce cikin kilomita 230, abin da ido ba ya gani. Babu dutsen da za a kewaye, babu kwazazzabon da za a bi, sai jigawa da fadama. Wanda ya tsaya a kan hanyar ya duba gabas ya duba yamma, sau da yawa zai ga ƙarafa sun miƙe har sun haɗe a ido.

A yi lissafi, a ƙaddara kashi ɗaya cikin goma na hanyar kwana ce, watau kilomita 23. Jirgin da ke shan su da gudun 70 zai ci minti 20, mai karkata da ke shan su da 90 zai ci minti 15. Ribar duka minti 5 ce. A gefe guda kuma, jirgin da lalacewar hanya ta tilasta wa tafiyar kilomita 30 a awa zai yi kusan awa 8 kafin ya isa Nguru. In aka gyara hanyar har jirgin dizal na yau da kullum ya iya riƙe 80, tafiyar ba za ta cika awa 3 ba. Awa biyar na hannun mai gyaran hanya, minti biyar na hannun mai sayar da jirgi mai karkata. Jirgin yana da tsada wajen saye, yana da tsada wajen kulawa, ga ƙura da harmatan ke turawa cikin duk wani abu mai motsi. In akwai inda zai yi amfani a Nijeriya, sai wuraren da tsohuwar hanya ke murɗe-murɗe cikin tuddai, kamar hawan Jos daga Kafancan.

Abokin gābar hanya a ƙasar Haɗeja ruwa ne. Dogo ya bi gefen arewa na kwarin kogin, kuma duk inda ya ratsa ƙasa mai kwari sai da aka tara masa tudu, aka bar gadoji da kwalbatoci domin ruwa ya wuce. Waɗanda suka auna waɗannan ƙofofi sun auna su ne da kogin da suka gani kafin 1930, kogin kuwa ya sake hali. An gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992. Kogin da a dā yakan cika da damina ya janye da rani, sai ya zama ana sako masa ruwa har da rani. Wannan ya ba ciyawar kacala wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru a bayanta, ruwa ya riƙa neman sababbin mafita. Ambaliyar 2018 da ta 2020 da ta 2022 ta nuna wa mutanen Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri, har da na Ringim, inda ruwan ke iya kaiwa.

Tudun dogo, in ƙofofinsa suka toshe, ya zama madatsa wadda ba wanda ya yi niyyar ginawa. Ruwa ya taru a gefe guda ya ci gonaki, ya jiƙa tudun har cikinsa, wata rana ya ɓalle ya bar ƙarafa suna reto a sarari. Ko bai ɓalle ba, ƙasar fadama mai laka takan kumbura da damina ta tsattsage da rani, hanya ta lotsa nan ta tashi can. Lotsawar inci guda, jirgin kaya mai tafiyar hawainiya zai wuce ta da 'yar girgiza, amma mai gudun kilomita 130 ba zai yafe ta ba. Zafin bazara ma yana da nasa aiki. Ƙarfe mai tsawon kilomita guda, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, yakan miƙe da wajen santimita 35, in kuwa ba a ɗaure shi sosai cikin isasshiyar tsakuwa ba sai ya lanƙwashe kamar maciji.

Abin da ya shafi hakimi

Sayen jirgi da zaɓen irinsa ba aikin hakimi ba ne, aikin gwamnati ne da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955. Amma abubuwan da ke sa hanya ta ɗauki gudu ko ta kāsa, da yawansu a gaban idon dagatai da masu unguwanni suke faruwa. Akwai masu kwance kusoshi da maɗaurai su sayar wa 'yan gwangwan, akwai masu kwasar tsakuwa domin gini, akwai masu noma har gindin tudu su sassake shi, akwai masu zuba shara a bakin kwalbati. Akwai kuma wanda ya fi ban tausayi, manomin da ruwa ya taru a gonarsa, ya tashi da dare ya sare tudun domin ya ceci shinkafarsa. Shi wannan, tsawa kaɗai ba ta isa ba. In hakimi ya sa aka share kwalbati tun kafin ruwan farko, ya kuma kai kukan manomin inda ya kamata, ba zai kai ga ɗaukar fartanya ba.

Sai batun mararraba da burtali. A Japan ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce jirgi ya iya tsayawa cikin mita 600 daga inda direba ya danna birki, kuma saboda ita ne ba a bari ya wuce kilomita 130 a hanyar da mutane da motoci ke ƙetarewa. Mai wannan gudu yana cin mita 36 cikin daƙiƙa guda. Garken shanu ɗari da ke gangarowa fadama da rani yana bukatar mintoci kafin ya gama haye ƙarafa, kuma saniya ba ta san ƙaho ba. Duk hanyar da za a ƙara wa gudu sai an yi mata shinge, an kuma bar wuraren ƙetarewa, ko ta ƙarƙashi ko ta bisa. Injiniya da ya zo daga nesa ba zai san inda burtali yake ba, ba zai san hanyar da mata ke bi zuwa rijiya ba, ko wadda ake bi da gawa zuwa maƙabarta. In ba a faɗa masa tun yana awo ba, shinge zai raba gari da gonakinsa, jama'a kuma za su yanke shi cikin mako guda. Hakimi da arɗo da dagaci su ne suka san waɗannan wurare, kuma lokacin faɗarsu shi ne kafin a buga turaku.

Magatakarda kuwa yana da aikin da ba mai yi in bai yi ba. Ya buɗe littafi domin hanyar dogo da ke cikin gundumarsa. Kowace damina ya rubuta ranar da ruwa ya iso gindin tudu, da wurin, da gefen da ya taru, da iyakar inda ya kai a jikin gada ko kwalbati, da yawan kwanakin da ya yi kafin ya janye. Ya sa a yi alama da fenti a jikin siminti, a rubuta shekara a gefenta. Ya tambayi dattawan ƙauyukan da ke bakin hanya inda ruwa ya taɓa kaiwa a manyan shekarun ambaliya, ya rubuta da sunan ƙauyen. Kwafi guda ya zauna a ofishin hakimi, guda a aika wa majalisar Sarki a Haɗeja a ƙarshen watan Oktoba, bayan ruwa ya fara komawa.